Tambayoyinku: Yadda Ake Gwada Ƙarfin Zaren Kabon

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon sun taru a kan abu guda, wato zaren kabon, baƙin zaren nan mai sheƙi da ake haɗawa da ƙaro a ƙera jikin jirgin sama, kekunan tsere da ƙafar roba. Na zaɓi huɗu daga cikin birnin Kano, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ce ke riƙe da sauran.

Tambaya ta farko

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sashen injiniyan kanikanci, kuma aikin bincikena a kan zaren kabon ne. Na sayi saƙaƙƙen yadin kabon mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita, wanda takardarsa ta ce ƙarfin zaren ya kai megafaskal 3,530. Na shimfiɗa falle goma, na shafe su da ƙaron efoksi da burushi, na yanka samfuri uku. Da muka ja su a injin gwaji, wanda ya fi ƙarfi a 450 ya tsinke, biyu kuma a bakin muƙamuƙin injin suka karye. Shin jabu aka sayar mini, ko injin ne ba shi da lafiya?

Daga wani ɗalibi, Rijiyar Zaki.

Amsa

Ɗana, kafin ka zargi mai kaya ko ka ɗora wa inji laifi, zauna mu yi lissafi, domin a ganina abin da ka samu bai yi nisa da abin da ya kamata ka samu ba. Lambar nan 3,530 sananniya ce, ita ce kamfanin Toray na Japan ke rubuta wa zarensa mai suna T300, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970 kuma har yau da shi ake kwatanta saura. Megafaskal ɗaya daidai yake da nauyin kusan giram 100 a kan murabba'in milimita ɗaya, ke nan 3,530 ya kai kusan kilo 360 a kan fili kamar kan allura, alhali rodin gini yakan fara miƙewa tsakanin megafaskal 400 da 500. Sai dai wannan lamba ta zaren ce a miƙe sak, ana jansa ta tsawonsa, a ɗakin gwajin da aka tsayar da zafinsa a digiri 23 da laimarsa a kashi 50 cikin ɗari. Abin da ka saka a inji kuwa allo ne da hannunka ya haɗa.

Ya kamata ka san yadda ake samo lambar, kuma hanya biyu ce, ta farko ita ce jan sili ɗaya. Sili ɗaya na zaren kabon kaurinsa kimanin maikiromita 7 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai. Mai gwaji yakan zaro sili guda, ya manna shi a tsakiyar ɗan katin da aka huda wa taga, ya ɗaura katin a inji, ya yanke gefunan katin biyu ta yadda silin kaɗai zai ɗauki nauyi, sannan a ja a hankali har ya tsinke. Nauyin da ke tsinka shi bai wuce giram 14 ba. Ƙa'idojin gwaji na duniya masu lamba ISO 11566 da ASTM C1557 su ne suka tsara wannan aiki, kuma wahalarsa biyu ce. Ta farko ita ce awon kauri: idan ka ɗauka silin maikiromita 7 ne alhali 7.5 ne, to ka shigar da kuskuren kusan kashi 15 cikin ɗari a sakamakonka, domin ana raba nauyin ne da faɗin bakin silin. Ta biyu ita ce, sili biyu daga ƙulli ɗaya ba sa tsinkewa a lamba ɗaya. Tun a 1920 wani injiniyan Ingila mai suna Griffith ya nuna da zaren gilashi cewa abu mai gautsi yana karyewa ne daga inda yake da ɗan tabo, kuma a 1939 Weibull na ƙasar Suwidin ya kawo lissafin da ake amfani da shi har yau, wanda ke ɗaukar zare tamkar sarƙa da ke tsinkewa a zobenta mafi rauni. Shi ya sa dogon sili ya fi gajere saurin tsinkewa, kuma shi ya sa ake jan gommai kafin a faɗi magana.

Kamfanoni sun fi dogara da hanya ta biyu. Ana sayar da zaren a ƙulle-ƙulle, 3K mai sili 3,000, 12K mai sili 12,000, haka har sama. Sai a tsoma ƙulli ɗaya a ƙaro, a miƙe shi, a gasa ya zama kamar tsinke, a ja shi bisa ƙa'idar ASTM D4018 ko ISO 10618. Dalilin tsomawar shi ne, busasshen ƙulli ba ya ɗaukar nauyi tare: silin da ya fi ɗamewa shi ke fara tsinkewa, na kusa da shi ya biyo baya, kamar tsintsiyar da aka kwance mata ɗauri. Ƙaro ne ke karɓar nauyin silin da ya tsinke ya raba wa maƙwabtansa. Lambar da ke kan takardarka daga irin wannan gwaji ta fito.

Yanzu mu koma kan allonka. Ɗauki ma'aunin kauri ka auna shi. Nauyin zaren T300 giram 1.76 ne a kowace santimita kubik, saboda haka falle goma na yadi mai giram 200 za su ba da kaurin milimita 2.3 idan zare ya cinye rabin jikin allon, milimita 2.8 idan kashi 40 ne, milimita 3.8 idan kashi 30 ne kacal. Aikin burushi ba tare da matsewa da jakar zuƙe iska ba yawanci a tsakanin 30 da 40 yake tsayawa, yayin da masana'antun jiragen sama ke kaiwa kusan 60. Mu ɗauka naka 40 ne. Yadinka saƙa ce, rabin zaren a tsaye, rabi a kwance, kuma na kwancen kusan ba ya taimaka maka idan kana ja ta tsaye. Abin da ya rage yana aiki kashi 20 ne, wato kimanin 700 daga cikin 3,530 ɗin nan idan komai ya tafi daidai. Daga nan sai ka cire abin da lanƙwasar saƙa ta ci, domin zaren da ke hawa da sauka a kan ɗan'uwansa bai kai miƙaƙƙe ƙarfi ba, ka cire na kumfar iska da ta maƙale a cikin ƙaro, ka cire na fallen da ya ɗan karkace lokacin shimfiɗawa. Idan bayan wannan duka ka samu 450, ban ga alamar jabu ba.

Duk wanda ya taɓa kallon maginan gargajiya suna ɗora azara a soro ya riga ya san wannan ilimi. Azara tana ɗaukar nauyin ƙasa shekara da shekaru ta tsawonta, amma da gatari ake tsaga ta cikin sauƙi ta bin jijiyarta, shi ya sa magini ke giciye ta yadda nauyi zai bi. Haka allon kabon yake. Wanda aka jera zarensa duka ta fuska ɗaya yakan kai kusan 1,800 idan an ja shi ta tsawon zaren, amma idan aka ja shi ta gicciye ba ya kai 100, domin a nan ƙaro ne kawai ke riƙe da shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne samfuri biyu da suka karye a bakin muƙamuƙi. Waɗannan ba su auna ƙarfin allonka ba, sun auna cizon injin ne, kuma bai kamata ka sa su a lissafin matsakaici ba. Haƙoran ƙarfe suna raunata zaren da ke sama, karaya ta fara daga nan. Maganinsa shi ne ka manna ɗan faci na allon zaren gilashi a kowane ƙarshe, gaba da baya, ko aƙalla ka naɗa takardar yashi a tsakanin samfuri da haƙoran, ka kuma tabbatar samfurin ya tsaya sak bai karkata ba. Ƙa'idar ASTM D3039, wadda ita ce ta dace da aikinka, ta ba da shawarar faɗin milimita 25, tsawon 250 da kaurin kusan 2.5 ga allo irin naka, a ja da gudun milimita 2 a minti, kuma kada samfuran su gaza biyar. Irin wannan samfuri zai nemi nauyin kusan tan uku kafin ya tsinke, don haka ka duba iyakar injin da ranar da aka yi masa gyaran awo na ƙarshe. Yanka ma yana da nasa tasiri: zarton hannu yana barin gefe da tsattsage, kuma kowace tsaga mafarin karaya ce. Ka nemi faifan yankan tayil mai ruwa, ka goge gefen da takardar yashi mai laushi. Idan kana son ka faɗi taurin allon, wato yadda yake ƙin miƙewa, kada ka dogara da tafiyar kan injin, domin a ciki akwai zamewar muƙamuƙi da miƙewar injin kansa. Dole a maƙala ma'aunin miƙewa a jikin samfurin. T300 yana da taurin gigafaskal 230 (gigafaskal ɗaya megafaskal 1,000 ne), ƙarfe yana da kusan 200, naka allon kuma ina sa ran zai faɗo wajen 45 zuwa 55. Sannan ka ɗauki hoton kowace karaya ka rubuta inda ta faru da kamanninta, domin malamin da ya san aikin zai fara duba wannan kafin ya dubi lamba.

Akwai abin da nake so ɗalibanmu na Kano su riƙa yi wanda littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Efoksin da ya bushe a zafin ɗaki kawai yakan fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, baƙin abu da aka bari a rana kuma yana wuce haka nesa ba kusa ba. Zaren bai damu da wannan zafi ba, tunda a wutar da ta haura digiri 1,000 aka haife shi, amma ƙaron da ke riƙe da shi ya damu. Ka raba allonka biyu, ka gasa rabi a tanda bisa zafi da awannin da takardar ƙaron ta faɗa, ka bar rabi, ka gwada su duka a zafin ɗaki da kuma a digiri 60. Ka kuma rubuta ko a hunturu ka yi shimfiɗar ko da damina, domin ƙura da laima duka suna shiga tsakanin falle da falle. Wannan kaɗai ya isa ya zama bincike mai amfani ga masu sana'a a Sharaɗa da Bompai.

Gwajin ja ba zai nuna maka wannan bambanci sosai ba, domin a ja zare ne ke aiki. Wanda ke tona asirin ƙaro shi ne gwajin gajeren sanda na ASTM D2344, inda ake ɗora ɗan guntun allo a kan madogara biyu makusanta a danna tsakiyarsa har fallayen su zame wa juna. Guntaye ƙanana yake ci, kuma injin da kake da shi zai iya. Bayansa akwai gwajin danni da gwajin duka, kuma a nan ne raunin kabon yake. Kamfanin Rolls-Royce ya ƙera fukafukan farfelar injin jirginsa RB211 da kabon, suka yi kyau a sauran gwaje-gwaje, amma a 1970 da aka harba musu gawar tsuntsu kamar yadda doka ta tanada sai suka tarwatse, dole aka koma ƙarfen taitaniyam, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin a 1971. Sai da aka shafe shekaru ana gyara ƙaro da hanyoyin gwaji kafin a kai ga jirgi irin Boeing 787, wanda rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗi ne. A ƙarshe, ka sa takunkumi da tabarau lokacin yanka, ka kuma nisanta ƙurar daga kwamfuta da soket, domin tana ɗaukar wutar lantarki.

Tambaya ta biyu

Ranka ya daɗe, ina da shago a kasuwar waya ta Farm Centre. Ana kawo mana marfin waya da kayan adon babur da hular kwano masu zanen saƙar kabon, farashinsu ya ninka na saura, masu saye kuma suna tambayata ko na gaske ne. Ba na son in rantse a kan abin da ban tabbatar ba. Akwai gwajin da zan iya yi a shago?

Daga wani ɗan kasuwa, Tarauni.

Amsa

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka, kuma na ji daɗin wannan tsantseni. Akwai, kuma kayan aikin suna teburin mai gyaran wayar da ke kusa da kai. Ka sadaukar da guda ɗaya daga kowane kaya. Fara da juya shi ka dubi bayansa da bakin yankansa: idan zanen a sama kawai yake, ciki kuma roba ce sumul, to sitika ce ko fenti. Saƙar gaske tana canza sheƙi idan ka juya ta a haske, kuma ba ta rasa ɗan karkacewa a kusurwa, saɓanin bugun inji da ke maimaita kansa ba kuskure.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne zaren gilashi, wanda muka fi sani da faiba, da aka rina baƙi aka saƙa. A nan mitar awon lantarki ta masu gyara ce alƙali. Goge wurare biyu da takardar yashi har ka wuce ƙaro ka taɓo zare, ka ɗora bakin wayoyin mitar a kansu. Kabon yana wuce da wutar lantarki, mita za ta nuna. Gilashi ba ya wucewa ko kaɗan. Idan kana son ƙarin tabbaci, ka yanki ɗan ƙarami ka ƙona shi a fili inda iska ke kaɗawa, kana nesa da hayaƙin. Ƙaro zai cinye, zaren kabon zai rage baƙi, siriri, ba ya narkewa, na gilashi kuwa zai koma fari idan baƙin ya ƙone, ya dunƙule idan wutar ta yi ƙarfi. Sau da yawa za ka tarar falle ɗaya ne na kabon a sama, sauran faiba, wanda ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye kuma an sa farashin da ya dace.

Abu biyu zan ƙara. Saboda kabon yana ɗaukar wutar lantarki, marfin waya na kabon zalla yana iya rage ƙarfin sabis, shi ya sa da yawa daga masu tsadar ake yin su da wani zare daban mai suna aramid, wanda mita ba za ta nuna komai a kansa ba ko da yake shi ma ba jabu ba ne. Game da hular kwano kuwa, ina roƙonka kada ka sayar da ita da sunan kabon a matsayin shaidar tsaro. Abin da ke kare kai shi ne soson da ke ciki da ɗaurin haɓa da kuma gwajin duka da aka yi wa hular gaba ɗaya, don haka ka nemi tambarin ƙa'idar ECE ta Turai ko DOT ta Amurka daga dilan da ka amince da shi.

Tambaya ta uku

Malam, ni direban mota ne, ina jigila tsakanin Kano da Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake tunanin mayar da motata mai amfani da iskar CNG. An nuna mini tukunyar ƙarfe mai nauyi da wata marar nauyi da aka ce naɗin kabon ce. Amma na ji a rediyo cewa jirgin ƙarƙashin tekun nan da ya hallaka mutane da kabon aka yi shi. Yaya zan yarda in ɗora iyalan mutane a kan irin wannan tukunya?

Daga wani direba, Unguwa Uku.

Amsa

Malam direba, tsoronka yana kan hanya, kuma gara mai tambaya da mai ganganci. Jirgin da kake nufi shi ne Titan, wanda ya murƙushe a ranar 18 ga Yuni, 2023, da mutum biyar a ciki, a hanyarsa ta zuwa ga ɓaraguzan Titanic da ke zurfin kimanin mita 3,800. Amma ka lura da bambanci guda. Ruwa yana danna jirgin ne daga waje, zare kuwa kamar igiyar guga yake, gwani ne a ja, rago ne a turi. Masu bincike na Amurka sun kuma samu tattarewar zare da ramukan iska da rabuwar falle a jikin gangar jirgin. Tukunyar gas akasin haka take: iskar tana turowa daga ciki, kowane zagayen zare yana ɗamewa, wato ana sa shi aikin da ya fi iyawa.

Tukwanen iri huɗu ne. Na farko ƙarfe ne zalla, na biyu ƙarfe ne da aka naɗe cikinsa da zare, na uku kwanon alminiyam ne da aka naɗe duka, na huɗu kuma kwanon roba ne da aka naɗe duka, shi ne mafi rashin nauyi. Dukkansu suna aiki a matsin bar 200, alhali tayar motarka ba ta kai bar 3 ba, tukunyar gas ɗin girki kuma ba ta kai 20 ba. Ƙa'idar ISO 11439 ta ce kowace tukunya sai an cika ta da ruwa an matsa zuwa bar 300 kafin ta bar masana'anta, kuma samfurin mai naɗin kabon kada ya fashe ƙasa da bar 470. Kafin a amince da sabon ƙira, sai an cika an sauke sau dubbai, an jefo shi ƙasa, an zuba masa ruwan asid, an ɗora shi a kan wuta don a ga bawul ɗin tsaro ya saki iskar, har harbinsa ake yi da harsashi don a tabbatar zai huje ne ba tare da ya tarwatse ba. Tukunyar da ta bi wannan hanya ba ni da fargabar zama a kanta. Wadda nake tsoro ita ce wadda aka yi wa walda a bayan gari, irin wadda hukumomi suka ce ta jawo fashewar da aka yi a wani gidan sayar da iskar a birnin Benin na Jihar Edo a watan Oktoban 2024.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne bayan an ɗaura. Ƙarfe idan ya sha duka yana lotsawa kowa ya gani. Kabon yana iya shan duka samansa ya zauna lafiya, alhali a ciki fallayen sun rabu, kuma ba ya miƙewa ya yi gargaɗi, domin da ya ƙaru da kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na tsawonsa sai ya tsinke. Masu duba jirage suna ƙwanƙwasa jiki da ɗan ƙarfe su saurara, lafiyayyen wuri ya yi ƙara tsaf, rababben wuri ya yi dum, sannan su tabbatar da na'urar sauti irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Wannan aikin masu horo ne, ba na tasha ba. Naka shi ne ka karanta tambarin da ke jikin tukunyar, ka ga lambar ƙa'ida da ranar ƙira da ranar ƙarewar wa'adi, wanda ba ya wuce shekara 20. Ka tabbatar akwai roba tsakanin tukunya da maɗaurinta, an kuma yi mata rufi daga rana da tsakuwa da kayan fasinja, kada jak ko buhun kaya mai ƙarfe ya riƙa gogarta a but. Ka kai ta dubawa duk shekara uku ko bisa abin da mai ƙira ya rubuta, da kuma bayan kowane haɗari ko da ƙarami ne. Tukunyar kabon ta hannu wadda ba a san tarihinta ba kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Idan motarka za ta iya ɗaukar nauyin ta ƙarfe, kuma hanyarka mai gargada ce, ni ta ƙarfen zan zaɓa maka, domin lahaninta ido yana gani.

Tambaya ta huɗu

Malam, bim ɗin da ke riƙe da dakin, wato rufin kankare, na gidanmu ya tsage. Wani ɗan kwangila ya ce ba sai an rushe ba, zai manna masa yadin kabon. Ni mace ce mai riƙe da marayu, ba ni da kuɗin yin aiki sau biyu. Wannan magana tana da tushe?

Daga wata uwa, Hotoro.

Amsa

Hajiya, Allah ya raya marayu, ya ba ki ladan riƙo. Maganar tana da tushe. Tun a 1991 aka gyara gadar Ibach da ke kusa da birnin Luzan na Suwizalan da wannan dabara, inda kimanin kilo 6 na kabon ya yi aikin da zai ci kilo 175 na ƙarfe. Amma kafin kowa ya buɗe gwangwanin ƙaro, ki samu injiniyan gini mai rajista, wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar, ya faɗa miki abin da ya jawo tsagar. Idan harsashin gini ne ke nitsewa, ko ruwa ya shiga rodi ya yi tsatsa, manna kabon rufe ciwo ne da ƙyalle.

A irin wannan aiki kankaren ne abin gwaji kafin zaren, domin kabon ba zai riƙe fiye da abin da fatar kankaren ta iya riƙewa ba. Ana sassaƙe filasta, a goge, a manna ɗan faifan ƙarfe mai faɗin milimita 50, a yanka kewayensa, a fizge shi da na'ura mai ma'auni. Jagoran Cibiyar Kankare ta Amurka mai lamba ACI 440.2R ya ce kada abin da aka samu ya gaza megafaskal 1.4, wato kusan kilo 280 a kan wannan faifai, kuma ƙarfin kankaren a danni kada ya gaza megafaskal 17. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kayar da gine-ginenmu shi ne ƙwauron siminti, kuma kankaren da ake murjewa da yatsa ba zai ci wannan jarrabawa ba. Bayan an manna yadin ya bushe, sai a sake fizgar a wasu wurare, kuma abin da ake so a gani shi ne faifan ya taso da ɓallin kankare a jikinsa. Idan ya taso fes, mannin bai kama ba. Ki sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a yi waɗannan gwaje-gwaje a gabanki da injiniyanki, za a ajiye miki wani ɗan allo da aka haɗa da yadi da ƙaron ranar don a kai ɗakin gwaji, za a kuma rufe aikin da filasta saboda zafi da gobara. Kafin nan, a tokare bim ɗin da turakun ƙarfe, a sauke duk wani nauyi da ke samansa, musamman tankin ruwa idan akwai, yaran kuma su koma kwana a wani ɗakin.